Ƙwaryar da Yaya Isufu Ya Kasa Ƙi

Shekara arba'in ke nan da muka rufe yayana Isufu a ƙauyenmu, kusa da Atantane, kuma har yau in na ga mutane sun zagaye ƙwarya ɗaya suna miƙa wa juna ludayi, sai gabana ya faɗi.

Shekarar fari ce, zamanin mulkin sojan wancan lokaci. Hatsi ya ƙone tun bai fidda kai ba. Abzinawa makiyaya da dabbobinsu suka ƙare suka gangaro daga arewa, suka kafa rumfunan tabarma a bayan gari. Ba a jima ba cutar zawo da amai ta ɓulla, a rumfunan da cikin gari duka. Mutanenmu suka kafe a kan cutar baƙi ce, a hana su rijiya.

Yaya Isufu ne ke riƙe da akwatin maganin gari, 'yan kwanaki kawai aka koya masa aikin a likitar Mayahi. Ya durƙusa gaban mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, katin ɗan ƙasarsu irin namu ne. Ba a hana ɗan Nijar ruwan Nijar." Abin da ya roƙa shi ne kowa ya tafasa ruwa, kowa ya sha da mazubinsa har cutar ta wuce. Kai, ya sha zagi! 'Yan gari suka ce ya fifita baƙi, baƙin kuma suka ce ƙyamarsu yake yi, shi ya sa ba ya haɗa baki da su.

Ina tare da shi ranar da ya kai musu magani, don matansu ba su yarda namiji ya duba su ba. Dattijonsu, Baba Alhusaini, ya dama ɗan garin hatsi da ɗanyen ruwa, ya kurɓa, ya miƙo ƙwaryar. "Ɗana, ka ce mu ɗaya ne. To, sha." A wurinmu, babba ya sa baki a abu ya miƙo maka ka ƙi, gara ka mare shi. Isufu ya san in ya ƙi, babu mai karɓar maganinsa a rumfunan nan, ga yara kwance kamar tsumma. Ya kuma fi kowa sanin abin da ke iya kasancewa cikin ruwan. Ya karɓi ƙwaryar. Ya sha.

Cutar ta kama shi, bai kai Juma'a ba. Kafin ya cika ya ce mini, "Hadiza, mutum biyu kaɗai su wanke ni, su wanke hannu da sabuni. Kada kowa ya taɓa tsohon nan da magana."

Ni kam na daɗe ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Ya kafa doka, ya karya ta da bakinsa, ya bar marayu uku. Sai da na tsufa na yarda cewa daga ranar jana'izarsa rumfunan suka fara tafasa ruwa, kuma Baba Alhusaini da kansa yake bi yana duba tukwane.

Yau ina Tasawa, kuma hankalina ba a kwance yake ba. Lokacin korona na ji ana cewa cutar Turawa ce, zafin ranar Nijar ya fi ƙarfinta. Yanzu soja sun dawo, damina sai a hankali, kishin ƙasa na bakin kowa. Ni ma ina son ƙasata, wallahi. Amma ga ɗana Laminu ya ce allurar rigakafin sanƙarau kayan baƙi ce, mai kishin ƙasa ba ya miƙa mata 'ya'yansa. 'Ya'ya mata biyu gare shi, ƙaramar ko yaye ba a daɗe da yi mata ba. Me Isufu zai ce da wannan ɗan ƙanwar tasa? A da mun ce cutar ta baƙi ce, yau mun ce maganin ne na baƙi.

Ba mu da hotonsa, kabarin ma ƙasa ta shafe shi. Abin da ya rage na Isufu, ban da marayunsa, mutane ne: 'ya'yan waɗancan yaran rumfuna da suka warke, wasunsu suna sayar da raƙuma a kasuwar Mayahi, ba su ma san sunansa ba. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Jibi masu allura za su shigo unguwarmu. Laminu ya ce zai kulle ƙofa. Na gaya masa a wannan dangin mun riga mun ba da mutum ɗaya, ba ni da ƙarfin wanke jika. Har yanzu ban san ko zai buɗe ba.