Kujerar Mai Baka

Mai Baka kowa ke ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Tun yana saurayi yake sassaƙa bakan harbi, kuma a wurinsa zaɓen itace ya fi sassaƙar wuya. Yakan tsaya gindin bishiya yana ƙare wa reshe ɗaya kallo kamar mai neman aure. Ba ya ɗaukar mai ƙulli, don a nan baka ke karyewa. Mai laushi kuma in ka tanƙwara shi sai ya zauna a tanƙware. Abin da yake nema shi ne miƙaƙƙen itacen da ya girma a hankali a busasshen wuri, wanda zai lanƙwasu ya dawo da ƙarfinsa. In ya samu, sai ya shafe bakin itacen da kakin zuma, ya ɗora a saman shagonsa ya yi shekaru yana bushewa.

Da ciwon ƙugu ya kwantar da shi a asibiti, mijin 'yarsa, wani kafinta mai ladabi, ya yi ta ɗawainiya da gidan. Ranar da aka sallamo tsohon, ya tarar da sabuwar kujera a tsakar gida tana ƙyalli. Surukin ya durƙusa ya ce tasa ce, don ya riƙa jingina bayansa.

Mai Baka ya zauna yana sa albarka. Sai tafinsa ya shafi hannun kujerar, ya dakata. Ya sake shafawa. Ya san wannan itacen. Shi ya saro shi a kan wani dutse tun 'yarsa ba ta yi aure ba.

"A ina ka samo itacen nan?"

"Tsofaffin sandunan saman shago ne, Baba. Na ga suna ta shan ƙura."

"Duka?"

"Guntayen da suka rage Mama ta yi girki da su."

Tsohon ya dubi matarsa, ta shige kicin kamar ana kiranta. Ya ɗingisa zuwa shago ya ɗaga kai: wayam, sai yanar gizo. A nan 'yarsa ta same shi zaune a ƙasa, hula a hannu, yana ta salati.

Da kafintan ya gane abin da ya yi, sai ya ce zai wargaza kujerar. Mai Baka ya ce ya bar ta, itacen da aka yanka aka buga wa ƙusa ba ya komawa baka.

Bai yi masa faɗa ba. Da ƙugun ya yi sauƙi dai, ya sa shi ya riƙa kai shi daji a babur. Kafintan ya nuna reshe, tsohon ya girgiza kai, su ƙara gaba. Sai da damina ta wuce suka dawo da sandar farko, surukin na rungume da ita kamar jariri.