Kumburin Cinyar Ɗiyata

Ɗiyata ta fari ba ta cika wata biyu ba na kai ta asibitin Sabon Birni aka yi mata allurar rigakafi a cinya. Kafin mu iso gida Gangara wurin ya kumbura, da la'asar jiki ya ɗau zafi, ta ƙi nono.

Inna, uwar maigidana, ta dube ni ta ce, "Lafiyayyar ɗiya kin kai an sa mata ciwo."

Na kasa zama. In goya ta, in sauke, in leƙa ƙofar gida, in dawo. Tuwon da na ɗora ya kama. Ni dai na san abin da ya kai ni asibiti. Ina yarinya na ga ƙanena da tarin shiƙa, ya yi ta tari har idanu su firfito, ya ja numfashi da ƙara, ya amayar da ɗan abin da ya sha. Bai ga kakar shekarar ba.

Washegari na koma. Malamar asibiti ta taɓa cinyar, ta ce, "Ƙwayar tarin shiƙa ce a cikin allurar, amma matacciya. Jikinta ya ji baƙo ya tashi faɗa. Yana koyon gane sinadaran da ke jikin ƙwayar, don in mai rai ta zo ya san ta."

"To Malama, ya gama koyon?"

"Tukuna. Da sauran allura biyu."

Ta ba ni maganin zafin jiki. Kumburin ya saɓe, ɗiya ta koma nono.

Lokacin allura ta biyu ya zo, hanyar Sabon Birni ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, ga tari ya shiga yaran maƙwabta. Duk wanda ya yi tari a bayan danga sai in rungume ɗiyata. Maigida ya ce in jira.

Na ce, "Ka yi haƙuri, ka bar ni. Gobe 'yan kasuwa za su garin Isa, za ni bi su."

Inna ce ta amsa daga bakin ɗakinta. Ta kwana biyu tana jin tarin jikan ƙawarta.

"Bar ta ta tafi. Ni ma za ni."

A motar hatsi muka tafi, bisa buhunan gero, kowa ido a daji. Da muka isa asibitin garin, Inna ce ta riƙe ƙafar aka soka allurar, ta kau da kai tana salati. Ni kuwa tun a nan na fara tunanin hanyar da za mu bi mu samu allura ta uku.