Ustaz Haruna da Lakar Jazira

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Labarin rasuwar malamina, Ustaz Haruna, bai zo ta waya ba, domin shabaka, wato layin waya, ta daɗe da ɗaukewa a ƙauyenmu na kusa da Hasahisa a nan Jazira. Wani mai sayar da albasa ne ya kawo shi daga wajen Sinnar, bayan an riga an share makoki. Na zauna a bakin tur'a, magudanar ruwan ban-ruwan gonakinmu, na yi kuka, ba ni da hanyar zuwa ko da gaisuwa.

A jami'a a Khartum ya koyar da mu yadda ake sa ruwa, yadi da ƙasa su yi motsi a cikin kwamfuta kamar yadda suke yi a zahiri, don finafinan zane da duniyar kwamfuta da ake shiga ta hanyar sa gilashi a ido. Wasu suna bin lissafin motsin teku da wuta, shi kuwa lakar gonakinmu ya zaɓa, baƙar nan mai kama ƙafa kamar ƙaro. Da damina yakan kwashe mu zuwa hawasha, wato gonar mahaifinsa, ya sa mu tsunduma a ciki, muna ƙunƙuni yana dariya. Yakan ce wanda laka ba ta taɓa cinye wa takalmi ba, ba shi da bakin lissafa ta. Ranar da na murɗe lissafi don hoton ya yi saurin fitowa, bai yi faɗa ba. Ya dubi allon ya ce, "Ya waladi, ɗana, ruwa ba ya hawa tudu don kawai ka ƙosa."

Da yaƙi ya ɓarke ya koma ƙauyensu na wajen Sinnar da iyalinsa da ciwon ƙodarsa, wanda sai an riƙa wanke masa ita a asibiti. Masu bindiga suka tare babbar hanya, damina ta sauka a kan sauran hanyoyin. Da jikin ya tsananta, ƙannensa suka ɗora shi a karo, wato amalanken jaki, suka bi ta cikin gonaki za su kai shi asibiti. Ƙafafun karon suka nutse, jaki ya durƙusa, maza suka yi ta turi har tsakar rana. An ce ya miƙo hannu ya damƙi lakar, ya murza ta a yatsunsa.

"Ku juya, ya jama'a," in ji shi. "Wannan na san ta. Kada ku kashe jakin mutane a banza."

Suka juya. A ɗakin mahaifiyarsa ya cika.

Allah ya jiƙan Ustaz, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya yalwata masa kabarinsa. Matarsa Hajja Sakina da 'ya'yansu suna can har yau, mu ma muna nan, ba mai iya isa ga wani. Ya Allah ka ba su haƙuri, ka rufa musu asiri, ka buɗe hanyar nan in je in tsaya a kan kabarinsa. Amin.