Igiyar da Maƙwabciyata Ta Bar Mini

Ban taɓa sa fito a bakina ba, kuma ba zan sa ba har a kai ni kushewa. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ji sauran zancen ya fara yi mini wani irin kallo. A Salaga aka haife ni, aure ya kai ni Yendi, da maigidana ya rasu na bi ƙanena zuwa Bawku na kama awon hatsi a kasuwa. Dawa nake aunawa da gero da masara. Wanda ya zo saye ba na tambayarsa abin da zai dafa.

Gidan da muka samu yana ƙarshen zango, katangarmu ɗaya da wata mata 'yar ƙabilar Kusasi mai dafa fito, giyar dawar nan da ake sha a ƙwarya. Ranar da na tare, warin ya buge ni, na ce wa ƙanena ya nemo mana wani wuri. Bai nemo ba. Haka muka zauna har gashinmu ya yi fari, ni da ita, kowa da gefen katangarta. Jar dawa take saye a wurina, ita ce mai kyau ga aikinta. In ta zo rumfata sai ta tsuguna ta ɗebi ƙwaya ta ciza, ta ce, "Uwar salla, dawarki ce fa take sa mazan unguwa rawa."

Ni kuma in ce, "Uwar tukwane, ni tuwo na auna miki. Abin da kika mai da shi, ke da Allah."

Ban taɓa zama a tsakar gidanta ba lokacin da mashaya suke nan. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ce ta tsallako da ruwan zafi ta gasa mini jiki, ba ta nemi izinin kowa ba.

Ta kan katanga na san aikinta. A jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa a manyan tukwanen ƙasa, a tace, a bari ya huce. Duk wannan ruwan zaƙi ne kawai, ko jariri zai iya sha. Sai ta ɗauko wata igiya saƙaƙƙiya, baƙa ƙirin don tsufa, wadda kumfar tsohon fito ta bushe a jikinta, ta jefa a tukunya. Iri suke ce mata. Da safe ina shara a gindin katanga sai in ji tukunyar tana tsss, tsss, kamar mutum yana raɗa da haƙora a rufe. Ta ce mini igiyar ta uwarta ce, uwarta kuma a wurin tata uwar ta karɓa. Kowace dahuwa tana sabunta ta. In aka daɗe ba a jiƙa ta ba, mutuwa take yi a hankali, ba wanda zai gane da ido.

Ɗanta guda ne. Ya tafi Kumasi karatu, ya dawo da tankunan ƙarfe masu ƙyalli, ya kafa a wata rumfar kwano bayan tasha. Fiton uwarsa zai sa a kwalba, in ji shi, a sha da sanyi. Mun yi masa dariya a kasuwa. Ba mu gama dariyar ba malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na kan iyaka suka fara tsayawa da baburansu a bakin rumfar. Rumfa ta zama gini, gini ya haifi wani gini. Da babur mai ƙafa uku ya fara rabawa, sai ga lori, sai ga loriloli masu fenti iri ɗaya. Masu tsallaka iyaka da shanu suka riƙa komawa da akwatunan kwalabe. Da farko a wurina yake sayen dawa, daga baya ya daina saye a kwanon awona, motarsa ce take zuwa ƙauyukan wajen Karaga tun dawa tana masussuka ta kwashe. Matan da ke dafa fito a unguwa suka kife tukwanensu ɗaya bayan ɗaya, suka tafi wankin kwalba a wurinsa, wai ya fi sauƙi ga ido da ƙirji. Irin da yake sawa a tankinsa a cikin leda yake zuwa daga kudu, gari ne kamar na yin burodi.

A jikin kowace kwalba ya manna hoton uwarsa, ta ɗaga ƙwarya tana dariya. Akwai rubutu sama da ƙasa. Ni ban shiga makaranta ba, don haka fuskar kaɗai nake gani.

Da ciwo ya ci ƙarfinta ta aiko a kira ni. Na same ta a tabarma, ta rame har zoben hannunta yana yawo. Ta zaro wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin matashi ta miƙo mini. Tun kafin in kwance na ji warin.

Na ce, "Kin haukace? Wannan zan shiga da shi ɗakin da nake salla?"

Ta ce, "Zauna ki ji, ke kullum faɗa."

A wurinsu binne mutum daban, jana'iza daban. Ana binnewa, sai a jira rani a tara dangi a yi babban taro, a dafa fito, a sallami mamaci. Kafin a yi wannan, a cewarsu, yana nan tsaye a hanya, bai isa wurin iyayensa ba, bai kuma koma gida ba. Abin da take so shi ne fiton jana'izarta a tashe shi da irinta, don uwarta ta gane ta.

Na ce, "Ki ba ɗanki mana."

Ta ce, "Ya riga ya tambaya. A akwatin gilashi zai sa ta a ofis, baƙi su riƙa kallo. 'Yan'uwana kuwa wani zai ba su kuɗi su sayar. Ke kaɗai ce ba za ki taɓa ta ba, ba kuma za ki yar ba."

Ban yarda da abin da suka yarda da shi ba, ita ma ta sani. Amma amana ce, na karɓa. Na soke ƙullin a jikin azarar ɗakin ajiyar buhuna. Da faɗuwar ruwan farko ta rasu.

Rani ya shigo, na ɗauki mayafi na tafi ofishin ɗan. Ya tashi tsaye, ya ba ni kujera, yaro ne mai ladabi, wannan ba zan hana shi ba. Mma yake ce mini, wato uwa. Wayoyi biyu suna kuka a gabansa.

"Mma, bana muna buɗe wurin ajiya a Yendi. So nake in yi mata jana'izar da Bawku ba ta taɓa gani ba. Ki bari baɗi."

Baɗi ta zo, sabon inji ne ya iso, sai an kawo masu haɗa shi. Wata baɗin kuma Salaga ce, mutanen can sun ce fiton ba ya isarsu. Na ce masa, "Kai, igiyar nan ba ta san Salaga ba. Bushewa take yi." Ya yi dariya ya ce, "Mma, ai Mama tana ko'ina yanzu, ba ki gani?" Ya sa a kai ni gida a mota, na ce ƙafata lafiya lau.

Gaskiya ya faɗa, tana ko'ina. Shi ne abin da ya hana ni sakat. Na je Yendi gaisuwar dangin maigidana, ina sauka a tasha na ɗaga kai, ga ta a saman wani shago, fuskarta ta fi ƙofa girma, tana kallona tana dariya. Na je Salaga suna, a kan hanyar gidanmu na haihuwa, inda ba ta taɓa taka ƙafa ba, na hange ta kwance a cikin kwata, ruwan wanke-wanke yana bi ta kan idonta. Ban san lokacin da na sunkuya na ɗauko kwalbar ba. Na tsaya riƙe da kwalbar giya, da mayafina da tazbahata, matan gidanmu suna kallo. Na rasa inda zan ajiye ta. Ƙarshe na jingina ta a gindin wata bishiya, fuskar tana kallon arewa, wajen Bawku.

Na nemi wadda za ta jiƙa igiyar a tukunyarta sau ɗaya, ta sabunta ta, ta dawo mini da ita. A Bawku waɗanda suka rage suna dahuwa ba su da yawa, kowace na je wurinta sai ta girgiza kai. A bayan garin Yendi aka nuna mini wata tsohuwa. Na kwance ƙullin a gabanta, ta mai da hannuwanta baya.

Ta ce, "Mai ita fa?"

Na ce ta rasu.

"An yi mata?"

Na ce tukuna.

"To ɗaure kayanki, Hajiya. Irin wadda ba a sallama ba, ba ya shiga tukunyar kowa. Biyo shi za ta yi, ni kuma ɗakina ɗaya ne."

Tunani ya zo mini, ba sau ɗaya ba: ga dawa a buhu, ga tukunya, ga aikin na san shi tun daga jiƙo har tata. Ban yi ba. In da yau za a mai da ni, ba zan yi ba. Da sanin haka ta zaɓe ni.

Da aka tashi yin jana'izar, an yi ta kamar yadda ya ce. Rumfuna har bakin titi, lasifika, shanu, atamfa mai hotonta a jikin kowa, loriloli suna sauke kwalabe. Na kai ƙullin wurin yayarta da ta zo daga ƙauye, tsohuwa tukuf mai sanda. Ita da wasu mata suka tono tukunya ɗaya daga cikin na marigayiya, suka yi dahuwa a bayan gida, nesa da kiɗa. Da ruwan ya huce suka jefa igiyar.

Washegari da safe na ɗauki tsintsiya na je gindin katanga. Na share wurin, na sake sharewa. Ban ji komai ba. Na zagaya na shiga gidan, na sami yayar ta durƙusa ta kara kunnenta a cikin tukunyar. Saman ruwan lumui, kana ganin fuskarka. Muka jira har rana ta take. Labari ya kai wa ɗan, ya aiko da leda ɗaya ta garinsa, wata ta yage da haƙori ta zuba. Kafin la'asar kumfa ta cika baki tana zuba ƙasa. Dattawa suka sha suka ce hannunta ne sak.

Yayar ta tsamo igiyar, ta matse, ta naɗe a tsummanta, ta sa mini a hannu. Ta ce, "Ba ta karɓa ba." Tukunyar take nufi ko wata, ban tambaya ba.

Gidanta yanzu wurin ajiyar akwatunan kwalabe ne, an fasa tukwanen an zuba siminti. Kamfanin yana ta ƙaruwa, na ji har kudu ake kai shi. Wasu safiyoyin, in na kai shara gindin katanga, ina jin tsss, tsss, daga can ciki. Ƙanena ya ce injin sanyi ne. Na ce masa to. Igiyar tana nan a jikin azara inda na soke ta, in damina ta yi nisa warinta yana saukowa har kan buhuna. Wadda ta ba ni ajiya ba ta ce mini in ya zama haka wa zan ba ba.