Baculi Devi da Furen Gangaren Arewa

Ranar 9 ga Yuni 1987, da ƙarfe goma da kwata, Baculi Devi ta shigo ofishinmu na gandun daji, laujenta a ƙugu. Makiyayiya ce, ta haura sittin. Ta ce masu aikin hanya za su fasa gangaren arewa na tsaunin da nakiya ranar Litinin, alhali a inuwarsa kaɗai wani jan fure mai kama da 'yar jaka yake fitowa. Na duba rajistar tsirran da doka ta kare, babu shi. Abin da ba ya cikin rajista kuwa ba ya tsayar da nakiya.

Ranar Asabar muka hau, ni da ita da shugabana, Kandari Sahab, wanda sai da sa hannunsa za a dakatar da aikin. A bakin rafi ta ja ta tsaya.

"A tuɓe takalma. Daga nan filin uwargijiyarmu Nanda Devi ne, wuri mai tsarki, takalmin fata ba ya taka shi."

"Inna, ƙanƙara ce fa a can," in ji Sahab.

"To ni ƙafar ƙarfe gare ni?"

"Ma'aikacin gwamnati ne ni."

"Gwamnatin ma ai ba da takalmi aka haife ta ba, ɗana."

Ya hau kan dutse ya zauna, ya ce ko ya shiga da takalminsa ko mu koma. Ta ce gara a fasa gangaren da ta kai shi a haka. Gajimare na haɗuwa. Babu wanda ya motsa.

Na kwance takalmana.

"Haba! Ashe akawu ma yana da yatsu," in ji ta.

Muka bar Sahab a nan. Tafiyar minti hamsin ce cikin tsakuwa da ruwan ƙanƙara. A gindin wani dutse mai gansakuka na ƙirga tsiro ashirin da uku, tara da fure. Na ɗauki hoto, na rubuta.

Da muka dawo na miƙa wa Sahab takardar. Ya ce ba ya sa hannu a kan abin da bai gani ba. Ya daɗe yana kallon jinin da ke zuba daga dugadugaina, sannan ya ce, "Ba ni alƙalamin."

An karkatar da hanyar ta ƙasan rafin. Baculi Devi ta rasu a watan Janairun 1994, a ɗakinta. Bara na ƙirga tsiro talatin da ɗaya.