Hayaƙin Ɗakin Jegona

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun hotunan suna ban sake leƙowa nan ba, har wasu na cewa wai na haihu na yi girman kai. Ina fa girman kai! Numfashi nake nema.

Haihuwar fari ce, don haka gida na koma wajen Inna, unguwarmu ta bakin tabki, da tsakiyar damina. Kun san jego: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ga wuta a ɗaki, ƙofa a rufe kada sanyi ya shige ni.

To ga itace ya yi wuya. Inna ta ce a zamaninsu bayan gari kawai ake fita a ɗauro, yanzu sai an saya, kuma ruwan bana bai bar komai a bushe ba. Sai ta riƙa tada wutar da leda. In leda ta ƙare, tsohon silifa. Hayaƙin baƙi ne, ɗacinsa har maƙogwaro. Allah ya sa jaririyar ɗakin Inna take kwana, sai shan nono ake kawo mini ita.

Tari ya fara. Inna ta ce sanyi ne, ta ƙara wuta.

Daga nan ƙirjina ya soma fito, zazzaɓi ya biyo baya. Wata safiya ina tsakar wanka na ja iska ta ƙi shiga. Maigidana ya kai ni likitar Madarumfa, wato asibiti, su kuma suka ce sai Maradi.

Lokotoro ya ɗora radiyo, hoton ƙirjin nan, a haske, ya ce, "Madam, kina shan sigari?"

Ni? Na so in yi dariya, tari ya ƙwace ta.

"To me kuke ƙonawa a gida?"

Inna ta faɗa mishi. Sai ya ce, "Inna, ba sanyi ya kama ta ba. Roba ta shaƙa, huhu ya kumbura, ciwo ya samu hanya." Ban taɓa ganin fuskar Inna ta yi haka ba.

Aka sa mini oksijan da ƙarin ruwa, allura safe da yamma. Aka kai kakina awo ko tarin fuka ne, Allah ya sa ba shi ba ne. Kuɗin magani kuwa sai da akuyar Inna ta ga kasuwa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya ni shi ne da aka ce ba a ajiye jariri a ɗakin masu tari. Inna ta goya ta suka koma gida, aka saya mata madara da bibaro, kwalbar shayar da jarirai.

Ga ni da kunyar ɗan fari. Ba na faɗin sunanta, ba na tambayarta gaban manya, haka aka tashe mu. In na kira Inna sai in ce, "Yaya gida? Yaya ruwa? Yaya awaki?" Har kaji na tambaya! Inna ta san abin da nake nema. Sai ta ce, "Tsaya in duba tukunya," ta ajiye wayar kusa da kan yarinyar ta fita. Ni kuma in manna kunne ina jin ɗan numfashinta, sumul, ba fito ba tari. Wallahi kewa ciwo ce, ta fi allurar zafi.

Da farko nono zuba yake har ya jiƙa riga. Sannu a hankali ya fara ja da baya. Wata tsohuwa ƴar garin Gabi da ke jinyar ɗiyarta a gadon kusa da ni ta lura. Ta ce, "Ƴar nan, tatse ki zubar. In kin bar shi zai ɗauka ba a son shi, ya tafi."

Haka na riƙa yi. In tatsa a kofi, in zubar a kwata, ina hawaye. Abincinta ne nake zubarwa, ita tana can tana tsotsar roba. Kullum tsorona ɗaya: in koma ta ƙi ni.

Kuma ta ƙi ni ɗin.

Ranar da aka sallame ni, na ɗauke ta, ta yi nauyi, ta yi kumatu. Na ba ta nono, ta kau da kai ta tsala kuka, sai da aka miƙo bibaro ta yi shiru. Washegari ma haka. Inna ta ce, "Kada ki yi fushi da ita, ki dai riƙa rungume ta a jikinki." Na wuni da ita a ƙirji kamar laya.

Wani yammaci muna ƙarƙashin rumfa, Inna na hura wuta can tsakar gida da busasshen kara. Yarinyar ta yi ta lalube da baki, ta saki, ta sake lalube. Sai ta kama. Ta ja, na ji ya sauko.

Sunanta ya kuɓuce mini da ƙarfi. Inna ta yi kamar ba ta ji ba, tana ta fifita wutar da ta riga ta kama, tana share ido wai hayaƙi ne.

Alhamdulillahi, yanzu ina zuwa har bakin tabki ban tsaya hutu ba. Na gode wa ma'aikatan likita, da maigidana, da tsohuwar Gabi da ban ma tambayi sunanta ba. Inna, ban riƙe ki da komai ba, ƙauna ce ta hura wutar nan.

Mata, don Allah kada a tada wuta da leda ko roba. A fitar da murhu waje, a buɗe wa mai jego taga. In tari ya zo da fito ko zazzaɓi, a tafi likita, kada a ƙara wuta. Wadda aka raba da jaririnta kuwa ta riƙa tatsa.

Masu tsegumi, ku shirya cewa ba ni da kunya. Na yi kunyar a gadon likita, na san ɗacinta. Sunan ɗiyata Hadiza, kuma yanzu haka da nake rubutun nan da hannu ɗaya, tana sha.