Cokalin Man Zurma

Jiya ɗiyata mai karatun haɗa magunguna ta ga kwalbar man zurma a ɗakina, ta ce, "Mama, akwai wani kitse a cikinsa da ke maƙalewa a wasu 'yan gurabe a bayan ƙwayoyin jiki. Su ke kai saƙo ciki, sai tsoka ta murɗa. Guraben nan suna hanji, suna kuma mahaifa."

Sai na tuna Gwaggo, a gidanta na Magama inda motocin Maraɗi ke girgiza katanga. Ina da ciki, bai isa haihuwa ba, ga bayan gida ya ƙi fita. Na tsiyaya man a cokali, yana yauƙi, ƙarninsa na tayar da zuciya. Ta buge hannuna, ya zube a zanenta.

"Mi kike shirin yi? Man nan in ya kira hanji, mahaifa ma amsawa take."

Na wuni ina fushi da ita. Ba ta kula ba, ta jiƙa mini tsamiya.

Wancan cikin ne ya girma, ya zama ɗiyar da take mini bayani jiya. Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo, ya tsare ki kamar yadda kika tsare mini ita.